Ɗan Watan Babana

Masu karatu, yau ba zan yi muku kwana-kwana ba. Wasunku sun cika min akwatin saƙo, wai me ya sa na yi ɗif tun ranar da na ce Mai Alli zai zo gaida Baba. To ya zo. Ya zauna a falonmu, ya sha shayi, ya tafi lafiya lau. Ni ce dai ban tashi lafiya ba, don kunyar da nake ji yanzu ta kai ko a madubi ba na son haɗa ido da kaina.

Ga waɗanda yau suka fara bina, ni ce babba a gidanmu. Ina aiki a shagon tabarau, ni ce mai goge gilashi da gwada wa mutane, ina ce musu ya yi musu kyau ko da bai yi ba. Ƙannena mata biyu duk suna gidajen mazajensu, ni kuwa ina nan daram a ɗakin da ke kusa da kicin. Gwaggo, yayar Baba, ta sa ni gaba kamar ba ta da wani aiki a duniya. In ta shigo, kafin ta amsa gaisuwata sai ta tambaya ko an samu labari. Mai Alli kuma malamin kimiyya ne a wata sakandare, shi ne mutum na farko da na ji zuciyata ta kwanta da shi.

Akwai abin da na ɓoye muku tun farkon labarin nan. Ba a shago muka fara haɗuwa ba. Ta dalilin Baba ne, da ɗan watan Baba.

Baba walda ya yi duk rayuwarsa, tankunan ruwa yake ƙerawa. Wutar waldar ta ci masa ido, yanzu ko tabarau mafi kauri a shagonmu ba ya sa shi ganin ƙananan rubutu. Abin da aikin ya bar masa shi ne ƙwanƙwasa. Komai ya gani sai ya lanƙwasa yatsa ya buga, ya karkata kunne. Ƙofa, tukunya, kankana, bangon gidan mutane. Mama ta ce ranar da aka kawo firij ɗinta sai da ya ƙwanƙwasa shi ta kowane gefe kafin ya bari a kunna.

Bayan ya ajiye aiki, mijin ƙanwata ya saya masa waya. Nan ya fara sauraron shirye-shirye kan sararin sama, har wata rana ya ji labarin wani ɗan ƙaramin wata da ke zagaya duniyar Mars, wai shi Fobos. Daga ranar gidanmu bai sake hutawa ba.

"Uwata, zo ki faɗaɗa min hoton nan."

Haka yake kirana, Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Sai in faɗaɗa, ya manna hancinsa a fuskar wayar, ya daɗe yana kallo.

"Kin ga layukan nan a jikinsa? Ɗinkin ƙarfe ne. Na san walda in na gan ta. Kuma sun ce nauyinsa bai kai girmansa ba. Abu babba mara nauyi, me kenan? Tanki ne, cikinsa fanko. Wani ne ya ƙera shi ya rataye."

"Wa ya ƙera, Baba?"

"Oho. Ni dai na ce ƙira ce."

Ya shiga wani zauren hira na waya inda masu son irin wannan zance ke taruwa, ya sa wa kansa suna Mai Tanki. Tunda ba ya iya rubutu a wayar, ni ce sakatariyarsa. Kullum in na dawo daga shago, zai zauna a kujerar roba a baranda, ni a kan tabarma, yana faɗa ina rubutawa, in karanta masa amsoshin. Wasu na tura fuskokin dariya, sai in tsallake su. Mutum ɗaya ne kawai, wani malamin makaranta, ke tsayawa ya ba shi amsa da gaske. Yakan fara da, "Baba Mai Tanki, da girmamawa," sannan ya warware masa zancen tsaf. Ya ce watan ba fanko ba ne, tarin duwatsu ne da suka haɗu sako-sako, da rami-rami a tsakaninsu kamar buhun tsakuwa, shi ya sa ba shi da nauyi. Layukan kuma ya ce har yanzu masana na gardama a kansu, amma babu mai hujjar cewa hannu ne ya ja su.

Baba sai ya buga cinya. "Wannan mai allin akwai taurin kai. Rubuta masa, ki ce buhun tsakuwa ba ya zama da layi a miƙe."

Kun ji inda sunan ya samo asali. Baba ne ya raɗa masa, tun bai taɓa ganinsa ba.

Wata rana wani mara kunya a zauren ya rubuta cewa tsohon nan hayaƙin walda ne ya taɓa masa kai. Mutane suka yi ta dariya. Ban karanta wa Baba ba, amma fuskata ta yi zafi kamar ni aka zaga. Jim kaɗan Mai Alli ya turo saƙo gefe, yana ba da haƙuri a madadinsu. Na amsa na ce ba shi ba ne, mai rubuta masa ce. Ya ce, "Allah ya saka miki. 'Yarsa ce?"

Wallahi na daɗe ina kallon tambayar nan. Dariyar mutanen tana nan a saman allon, ba ta ko gusa ba. Sai na rubuta: "A'a, maƙwabcinmu ne. Tsoho ne, ba shi da kowa, 'ya'yansa ba sa waiwayarsa. Taimaka masa nake yi."

Na goge saƙon daga wayar Baba, hira ta koma tawa wayar. Daga baya ya zo shago canza gilashi, muka ga juna, abu ya yi nisa. Da ya tambayi sana'ar mahaifina, na ce ya yi aiki a harkar ruwa, ya yi ritaya. A gida kuma na ce wani malami ne da ya zo sayen tabarau. Kullum ina cewa gobe zan gyara, goben ba ta zo ba, sai ga ranar gaisuwa ta ƙarato.

Ana jibi zai zo, Gwaggo ta dira gidan da jakarta, ta ce kwana za ta yi har a gama. Ta same mu a kicin ni da Mama, ta ja ƙofa.

"Ke, kin dai tuna ma'aikacin bankin nan?"

"Na tuna, Gwaggo."

"Yaro ya zo da motarsa da turarensa, ubanki ya zaunar da shi yana masa wa'azin wata mai rami har shayi ya huce. Ya sake dawowa?"

Mama ta ce, "Yaya, wancan fa dama ba da gaske yake ba."

"Ke yi min shiru, ke kika ɗaure masa gindi. Ni in na faɗa masa cewa zai yi na raina shi tun muna yara. Ke yake ji," ta nuna ni da cokali. "Ki je ki ce ya kama bakinsa, wuni ɗaya tak. In wannan ma ya kuɓuce, sai dai ki auri watan."

Gwaggo ba ta san ta ba ni abin da nake nema ba. Ita tsoronta surutu, ni tsorona kada Mai Alli ya gane wa ke gabansa.

Na sami Baba a baranda da safe, yana jujjuya wata tsohuwar buta yana neman inda take yoyo. Na durƙusa kusa da shi, na yi ta kame-kame, in ce ya kwana lafiya, in ce ko a ƙaro masa ruwan zafi.

"Faɗi abin da ya kawo ki, Uwata."

"Baba, dama in baƙon nan ya zo, don Allah..."

"Kar in yi zancen ɗan watan."

Na yi ƙasa da kai. Ya ajiye butar a hankali, ya ɗan yi murmushi.

"To. Ai ba komai. Wuni ɗaya ba zai sa ya faɗo ba."

Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Amma ban tsaya nan ba, masu karatu. A bangon falo akwai babban hoton watan da ni da kaina na buga masa a shagon hoto. Na cire shi, wurin ya bar alamar murabba'i, fentinsa ya fi na sauran bangon haske, sai na rataya agogo a kai. A saman talabijin akwai wani dunƙulen ƙarfe da ya ƙera da guntayen tanki, mai lotsattsen gefe, da layukansa da komai, wai samfurin watan ne. Na naɗe shi da tsohon zani na tura ƙarƙashin gadona. Ya bugi ƙafar gadon ya yi ƙara, ƙararrawa guda, har Baba ya jiyo daga baranda. Ya ci gaba da duba butarsa.

Ranar, tun hantsi Gwaggo ke ba da umarni. An wanke labule, an canza rigunan kujeru, an fito da kofunan da ba a taɓa su sai da baƙo. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, da mayafi ruwan hoda, na sa kwalli na goge, na sake sawa. Baba ya fito cikin farar rigarsa da aka yi wa guga har tana tsayuwa da kanta. Ya zauna a kujerar tsakiya, ya ɗora hannayensa a gwiwa, ya ja hannun rigar ya rufe tabon ƙunar da ke bayansu. Ban ce ya yi haka ba, amma na san daga ina ya koya.

Wayata ta yi motsi, Mai Alli ne. "Ina bakin layinku. Gabana sai faɗuwa yake, kamar ranar da na fara shiga aji."

Na rubuta: "Baba ba shi da yawan magana, kar ka damu." Ku ji fa. Babana, wai ba shi da yawan magana.

Mai Alli ya shigo da sallama, riga shuɗiya mai haske, an yi aski, babu ko ɗigon alli a jikinsa. Leda biyu a hannunsa, babba da ƙarama. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Tashi ka hau kujera."

"Nan ma ya yi, Baba."

Gwaggo ta leƙo ta bayan labule, ta gyaɗa min kai, alamar ya ci jarrabawar farko. Ba ta iya daurewa ba, ta shigo ta zauna a gefe, wai ita ma uwa ce. Mama ta gaisa da shi ta tsaya a bakin ƙofa. Aka taɓa zancen makaranta, da yaran zamani, da zafin gari. Baba na amsawa da kalma ɗaya ko biyu. Sau ɗaya na ga yatsansa ya lanƙwashe ya nufi teburin gilashin da ke gabansa, sai ya tuna, ya mai da hannun gwiwa. Na kau da kai.

Na shigo da tire, na durƙusa ina zuba shayi, ina cewa a raina saura kaɗan, saura kaɗan a rabu lafiya. Baba kuma ba ya son baƙo ya takura, sai ya nemo tambayar da yake gani ba ta da haɗari.

"An ce a shagonsu kuka haɗu."

Mai Alli ya yi murmushi, ya kalle ni, irin kallon mai shirin yabon mutum.

"Gaskiya, Baba, kafin shago ne. Ta dalilin maƙwabcinku ne."

Butar shayin ta karkace a hannuna, shayin ya zube a tire.

"Maƙwabcinmu," in ji Baba.

"Eh, wani dattijo, muna ce masa Mai Tanki. Muna wani zaure tare a waya, mun daɗe muna gardama ni da shi kan wani ɗan wata na duniyar Mars. Shi ya ce fanko ne, ƙera shi aka yi. Ni na ce a'a. Ashe idonsa ba ya gani sosai, ita ce ke zama kullum tana rubuta masa. Ta ce min ba shi da kowa, 'ya'yansa ba sa waiwayarsa." Ya ɗan sunkuyar da kai. "Baba, ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara sa min ita a rai kenan. Na ce yarinyar da za ta dawo daga aiki a gajiye ta zauna tana yi wa tsohon da ba nata ba wannan hidima, an yi mata tarbiyya."

Ban san yadda zan kwatanta muku falon nan ba. Fanka na juyawa, agogon da na rataya yana ta bugawa a kan gurbin hoton. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban iya ɗaga ido ba, ƙafafun Baba kawai nake gani, yatsunsa sun dunƙule a kan kafet.

Gwaggo ta buɗe baki. "Wane maƙwab..."

"Na san shi," Baba ya katse ta. Muryarsa ba ta ko girgiza ba. "Na san shi sosai. Akwai surutu."

Mai Alli ya yi dariya. "Akwai kam. Na so in gaishe shi yau in da hali."

"Ya ɗan yi tafiya."

"Ayya."

Baba ya ɗauki kofinsa, ya hura, bai sha ba. "To kai ne mai allin."

"Ya ba ku labarina kenan?"

"Yana yi. Kai a ganinka, tsohon nan ya san abin da yake faɗa, ko dai hayaƙin walda ne?"

Wannan maganar ban taɓa karanta masa ita ba. Ashe wani ya karanta masa, ko mijin ƙanwata ko wani, ya sani tuntuni ya yi shiru.

Mai Alli ya gyara zama. "Ban yarda da shi ba, Baba, kuma ba na jin zan yarda. An auna watan nan, abin da aka samu ya fi kama da tarin duwatsu. Amma tambayarsa ba ta banza ba ce, akwai lokacin da wasu masu ilimi ma suka yi irinta kafin a samu ƙarin bayani. Ni dai ya sa na koma karatu. Yaran ajina in na ce musu littafi ya ce, barci suke yi. In na ce wani tsohon mai walda ya ce tanki ne, ku kayar min da shi, sai ka ga har na kujerar baya ya ɗaga hannu. Ranar da bai yi magana ba zauren ba ya min daɗi."

Baba ya ce, "Haka ne?"

"Wallahi, Baba."

Mai Alli ya jawo ƙaramar ledar, ya fito da wani dutse ruwan toka mai ƙananan huji ko'ina, irin wanda ake goge ƙafa da shi.

"Wannan nasa ne. Dutse ne na gaske, babu wanda ya ƙera shi, cikinsa kuma ba fanko ba ne. Amma ya sa shi a ruwa ya gani. Ina son ya ƙwanƙwasa da kansa ya faɗa min abin da ya ji."

Baba ya karɓa. Ya ɗaga shi a tafin hannu yana jin nauyinsa, hannun rigar ya zame, tabon ƙunar ya fito fili. Na ga yatsan ya lanƙwashe. Na san duk jikinsa so yake ya buga. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙo min dutsen ba tare da ya dube ni ba.

"Ungo. Ki kai wa maƙwabcin in ya dawo."

Na karɓa da hannu biyu. Ban san yadda aka ƙare zaman ba. Na dai san na raka shi bakin ƙofa, yana ta murna, yana cewa Baba mutum ne mai natsuwa, ya ji ya kwanta masa. Na ce eh. Yana hawa titi ya turo saƙo: "Kin ga? Babu abin tsoro."

Da na koma ciki Gwaggo na kicin tana lissafa kyawawan halayen baƙon, har ta ce wa Baba yau ya kyauta, da haka yake yi da tuni an wuce wurin. Sai ta juyo kaina. "Amma ke akwai wayo. Maƙwabci. Ni da ban gano ba sai daga baya." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Yabon nan nata ya fi min zagi ciwo. Mama ta karɓi tiren daga hannuna ta wanke kofunan da kanta, ko kallona ba ta yi.

La'asar ta yi, lokacin rubutunmu. Na ɗauki tabarma na fita baranda. Kujerar robar na nan, Baba ba ya nan, yana ɗaki ya rufe ƙofa. Na tsaya a bakin ƙofar na ce, "Baba." Ya ce, "Ke ce? Je ki huta, kin gaji yau." Ke. Ba Uwata ba. Na ajiye dutsen a kan kujerarsa na koma ɗakina, na yi kukan da ban san ko na tausayinsa ba ne ko na tsanar kaina.

Washegari ranar hutu ce. Na tashi da niyyar in mai da hoton da dunƙulen ƙarfen wurinsu, in durƙusa in roƙe shi gafara ko da zai kore ni. Na jawo ƙarfen daga ƙarƙashin gado na rungumo shi, ina fitowa na ji muryarsa a tsakar gida.

Yana tsugune gaban bokitin wanki, ya cire farar rigar, ya koma tsohuwar singiletinsa. Dutsen na yawo a saman ruwa. Ya danna shi ƙasa da yatsa, ya saki, ya taso. Fuskarsa kamar yaron da aka saya wa sabon keke. Mama na gefe tana shanya. Wayar na hannunsa ta hagu dab da bakinsa, babban yatsansa a kan alamar naɗar murya. Ashe ya sa Mama ta nuna masa inda ake dannawa.

"Mai Alli, barka da safiya. Mai Tanki ne. Na dawo daga tafiya, an ba ni saƙonka, na gode. Na ƙwanƙwasa, ba ya amo, wannan na ba ka. Na sa a ruwa, yana iyo, wannan ma na ba ka. To amma na juya shi ta ko'ina ban ji layi ko ɗaya a jikinsa ba. Sai ka faɗa min wa ya ja wa na saman layukansa." Ya ɗan tsaya, ya yi gyaran murya. "Sannan yarinyar da ke rubuta min, 'yar maƙwabtana, hidima ta taso mata, aure za ta yi. Ba na son in riƙa ɗora mata nauyi. Yarinyar kirki ce. Daga yau da bakina za ka riƙa ji na."

Ya saki yatsan.

Mama ta tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu, ta dube ni. Ita ta gane, ni ma na gane. Baba ne kaɗai bai gane ba. Ya tuna da tafiyar, ya tuna da maƙwabtakar, ya gyara min ƙaryata ta kowane gefe don kada ta yi yoyo. Abu ɗaya ya manta, cewa jiya-jiya mutumin nan ya zauna a gabansa yana sauraron wannan muryar.

Ya ji motsina ya juyo. Bai ga abin da na rungumo ba sai da na matso. Ya dubi ƙarfen, ya dube ni, ya miƙo min wayar.

"Duba min, ya tafi? Ba na ganin alamar."

Na ajiye ƙarfen na karɓa. Saƙon ya tafi zauren, amma babu wanda ya saurara tukuna. Na san inda ake dannawa a goge wa kowa, na sha yi. In na goge, in ce masa ya tafi, ba zai taɓa sani ba. Zai zauna yana jiran amsa, ni kuma in samu wasu kwanaki. Yatsana har ya hau kan saƙon, zaɓin gogewar ya fito, yana kallona ina kallonsa.

Baba na tsugune, ya ɗago fuska yana jira, idanunsa da wuta ta cinye suna ƙyafƙyaftawa saboda rana. Da wannan waldar ya biya min makaranta.

Na janye yatsana.

"Ya tafi, Baba."

"Yauwa." Ya koma kan bokitinsa.

Na tsaya a wurin riƙe da wayarsa, ina kallon jerin waɗanda suka saurara. Wani ya shiga, wani ya tura fuskar dariya. Sai ga sunan Mai Alli ya bayyana. Bai rubuta komai a zauren ba. Tawa wayar ce ta yi motsi a aljihun rigata.

"Na saurara, na sake saurara. Ki kwatanta min gidan maƙwabcin nan, yau zan zo in gaishe shi da kaina."

Na rubuta abu mai tsawo na goge, na rubuta wani na goge. A ƙarshe na tura masa wannan: "Gidan da ka zo jiya ne. Babana ne. Ni ce 'yar da ba ta waiwaye shi ba."

Ya karanta nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta sake ɓacewa.

Na durƙusa kusa da bokitin na ce, "Baba, na faɗa masa." Ya jawo dunƙulen ƙarfen gabansa, ya warware zanin, ya ƙwanƙwasa shi sau ɗaya, ya karkata kunne har amon ya mutu. Sannan ya ce wa Mama ta ɗora ruwan shayi, ko za a yi baƙo.

Ruwan ya tafasa tun ɗazu, Mama ta sauke ta sake mayarwa. Ina zaune a baranda da wayar a cinyata, har yanzu bai turo komai ba.